Tudun Doya a Tamanrasat

A Agadas na fara ganin Kawu Terkula, kuma faɗa na tarar yana yi da mai sayar da ruwa.

Dillalin da zai tsallakar da mu zuwa Aljeriya ya tara mu a wani gida mai doguwar katanga a bayan gari. Mutanen Gine da kusurwarsu, na Mali da tasu, na Kamaru da tasu, kowa yana hira da harshensa. Ni kaɗai ne ba ni da kusurwa. Ina zaune a kan jarkata ina tunanin mahaifiyata, sai na ji murya daga bakin ƙofa.

"Ka ga kala na wannan ruwa kuwa? Ko kare na a gida ba zai sha shi ba."

Wannan Hausa ko daga barci aka tashe ni na san ta kasuwar Lafiya ce. Na miƙe na leƙa, sai ga wani gajeren dattijo, baƙi, mai faɗin kafaɗa, riƙe da gorar ruwa yana ɗaga ta sama.

Na ce, "Baba, daga ina?"

Ya ce, "Agyaragu. Kai fa?"

"Adogi. Sunana Buba."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan hancina, sannan ya ce, "Agwai. Har nan ka biyo ni neman shanunka?"

Agwai shi ne sunan da Tibi, ƙabilarsa, suke tsokanar Bafulatani irina da shi. Mu da su abokan wasa ne tun kaka da kakanni: mu muna cewa mun ba su ajiyar shanu sun cinye, su kuma suna cewa ai mun daɗe ba mu dawo ba. Sai dai a shekarun nan wasan ya mutu a wajenmu, jini ya shiga tsakani. Shi rikici ne ya raba shi da gonarsa, ni ma rikicin ne ya raba gidanmu da garke. Ban tambaye shi wa ya ƙona masa rumbu ba, shi ma bai tambaye ni wa ya kora mana shanu ba, don kowannenmu ya san irin amsar da zai iya ji. Na dai yi dariya irin wadda rabona da ita tun kafin in bar gida, na ɗauko jarkata na ajiye kusa da tasa. Daga ranar nake kiransa Kawu.

Daga Agadas muka hau bayan wata akori-kura, an cusa mu kamar buhunan gyaɗa, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo. Bayan Arlit direba ya saki hanya ya faɗa cikin yashi. Wani Bamale, wato ɗan Mali, da ya saba zuwa ya yi mana bayani, ya ce tun da ƙasashen Turai suka matsa wa gwamnatocin yankin su tare masu tafiya arewa, ba tafiyar aka daina ba, hanyar ce ta kauce wa sojoji. Ita kuwa hanyar sojoji ita ce hanyar rijiyoyi. Kawu ya ce, "Wato manya sun yi mitin a ofis mai sanyi, mu ne za mu sha ƙishi." Bamalen ya ce ai ya fahimci siyasa ke nan gaba ɗayanta.

A wannan jejin ne wasu masu bindiga a kan babura suka tare mu. Ba su taɓa kowa ba, wayoyinmu kawai suka tattara suka tafi. A nan kuma iska ta taso da yashi wuni guda, ta shiga ƙirjin Kawu ta zauna. Wata mata 'yar Damagaram da ke gefensa ta yage rabin mayafinta ta naɗa masa a hanci. Har muka rabu ba mu san sunanta ba.

Direban ya sauke mu da hantsi a gindin wani dutse, ya ce Tamanrasat tana bayansa, mu zagaya kawai. Muka yi masa godiya, har da addu'a. Da muka zagaya, babu komai sai wani dutsen. Baƙo ko da ido makaho ne. Sai da muka yi ta jan ƙafa har muka faɗa kan kwalta, inda wani mai babbar mota ya tausaya ya kwashe mu. A motar nan Kawu ya yi tari har na ga jini a tsumman mayafin.

Tamanrasat gari ne mai kyau ga wanda yake da takarda. Mu marasa ita a wani busasshen rafi muke zama a ƙarƙashin gada, da safe mu jeru a bakin titi ko wani zai zo neman leburori. Abin da kowa yake tsoro shi ne kame. In 'yan sanda suka kwashe ku, za a loda ku a mota a mayar da ku kan iyaka, a sauke ku a tsakiyar yashi, a nuna muku inda Asamaka take a ƙasar Nijar, a ce ku taka. Mai ƙafa da ƙirji yana kaiwa. Kawu yana da ƙafa, amma ƙirjinsa ya riga ya tafi, ko 'yar gangarar rafin nan ya hau sai ya tsaya ya dafa gwiwa. Na san a raina in aka kama shi, a yashin nan zai kwanta. Tsoron da nake kwana da shi nake tashi da shi ke nan.

Allah Ya kawo mana Alhaji Almu wata Asabar. Tsohon Buzu ne mai lambu a wani ƙauye nesa da gari, ya zo da tsohuwar motarsa yana neman wanda ya san awaki. Hausa yake yi tsaf, don ya yi fatauci a Agadas da Damagaram yana saurayi. Ya hango ni ya yafito ni, na ce masa mu biyu ne.

Ya ce, "Mutum ɗaya nake nema, yaro."

Na ce, "Kawuna ne, Alhaji. Ba na iya barinsa."

Ya dubi Kawu, gajere baƙi, ya dube ni, dogo siriri kamar sandar kiwo. Na ga idanunsa suna dariya a saman rawani. Ya ce, "Lallai, kamar an tsaga kara. Ku shiga."

Lambun Alhaji kewaye yake da katangar laka, akwai dabino da ɓaure, ga garken awaki a bayansa. 'Yan sanda ba sa leƙa ƙauyen sai da dalili. Aka ba mu wata rumfa, ni na kama kiwo, Kawu kuma Alhaji ya ce ya kwanta sai ya warke. Kullum da safe Hajiya, matar Alhaji, takan aiko wa Kawu da madarar akuya mai zafi da wani ganye mai ɗaci a ciki. Ran Lahadi yakan zauna a gindin dabino ya yi waƙoƙin cocinsu a hankali. Da Alhaji ya lura, sai ya gaya wa ɗansa Sidi, mai shago a gari, cewa ko bayan ya warke kada a sa shi aiki ran Lahadi.

Kewar gida kuwa ba ta bar mu ba. Burodi da taliya, taliya da burodi. Kawu yakan riƙe burodin ya ce, "Buba, in na gaya ma Mama Doshima wannan ne abinci na, zai yi kuka." Mama Doshima matarsa ce. Sai ya shiga lissafa mini sakwara da miyar kuɓewa da mangwaron Agyaragu, ni kuma in rama da furar mahaifiyata da ƙanshin ciyawa in an yi ruwan farko. Alhaji ya sha ba shi aron waya ya kira ta, amma lambar ba ta shiga. Ita ma rikicin ya tashe ta daga ƙauyensu, bai san hannun da take ba. Duk ranar da aka gwada aka kasa, Kawu ba ya tsokanata sai washegari.

Da ya fara samun ƙarfi, sai ya shiga zagaya lambun yana taɓe baki. Mutanen can a fangali suke shuka, wato su daddale ƙasa ta yi kwari su kewaye ta da ɗan baki, ruwa ya shiga ya kwanta a gindin shuka. Ruwan ma ba kullum ba ne, rijiya ɗaya ce mai inji ta lambunan ƙauyen duka, kowa da ranarsa. Kawu ya ce mini, "Wannan noma na ragwaye ne. Ruwa yana zama a gindi, ai saiwa zai ruɓe. Mutumin kirki ne Alhaji, amma bai iya gona ba." Ni da na tashi a bayan shanu, me na sani? Na ce masa ai shi ne manomi.

Ana nan sai ciwon ido ya matsa wa Hajiya, Alhaji zai kai ta asibiti a wani gari mai nisa. Kafin ya tafi ya nuna wa Kawu babban filin da ke tsakiyar lambun da irin tumatir da ya isa dashe. Tumatir ɗin nan shi ne abin da gidan yake ci a shekara. Ya ce, "Terkula, in ƙirjinka ya yarda, ka juya ƙasar da taki ka dasa kafin ranar ruwanmu. In bai yarda ba, ka bari."

Motar Alhaji ba ta gama ɓacewa ba Kawu ya ɗauko shebur, ya ɗora wuyansa a kan dutse ya yi ta duka har ya lanƙwashe ya koma garma irin ta Tibi. Ya tofa yawu a tafin hannu. Ya ce, "Wannan mutum ya ba ni rai. Zan yi mishi gona da ba a taɓa gani ba a wannan ƙasa."

Bai yi ƙarya ba. Ya rushe fangalin nan kaf, ya shiga tara ƙasa yana ɗaga tudun doya, kowanne ya kai mini ƙugu, a jere reras kamar an ja igiya. Yana yi yana tari, yana tari yana waƙa. Da yamma in na dawo da awaki nakan tsaya in kalla, wallahi sai in ji kamar ina kan hanyar Obi ta can gida da damina. Na yi alfahari da shi ƙwarai. Ni da hannuna na riƙa miƙa masa irin, yana dasa kowanne a kan ƙoƙon tudu. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi jela ka ɗaura. Mu biyun nan babu wanda karin maganar ya faɗo wa.

Ranar ruwa ta zo. Da sassafe maƙwabci ya buɗe mana, ruwa ya shigo da gudu. Bai sami bakin fangali da zai tare shi ba, sai ya bi ta tsakanin tuddan ya wuce, ya taru a wani kwari a gindin katanga, yashi ya shanye. Ƙoƙon tudu ko laima bai yi ba. Muka ɗauki bokitai muna ɗiba muna hawa da shi, amma ƙasar can ba irin tamu ba ce, kana zubawa tana tsiyayewa. Kafin azahar lokacinmu ya ƙare aka juya ruwa lambun gaba. Rana ta yi aikinta, iska ta ƙarasa. Ba a jima ba duk dashen ya kwanta ya bushe.

Kawu ya zauna a gindin tudu ɗaya, garmar a kan cinyarsa. Ni kuma ba tumatir nake tunani ba, gadar nan nake gani, da motar kame.

Alhaji ya dawo tare da Sidi. Sidi ne ya fara shiga lambun, ya tsaya cak.

Ya ce, "Kaburbura ya haƙa mana ne?"

Ya juya ga mahaifinsa ya yi ta magana da harshensu, sannan ya maimaita da Hausa don mu ji. Ya ce doka tana hukunta wanda ya ajiye baƙo marar takarda, sun ɗauki wannan kasada don tausayi, ga sakayya. Ya ce yau ɗin nan zai mayar da mu gari. Ban ga laifinsa ba, abincin gidansu ne a kwance a bushe.

Alhaji ya nufi tuddan. Ya tsuguna ya cusa hannu cikin tudu har gwiwar hannu, ya zaro busasshiyar ƙasa ya watsar. Ya ce, "Terkula, me ya sa?"

Kawu ya cire hularsa ya durƙusa. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. A wurinmu ruwa yana yawa. In ka sa doya a ƙasa zai ruɓe. Shi ya sa muna ɗaga shi sama, mu gudu ma ruwa. Haka baba na ya koya mini, ban san wani noma ba."

Alhaji ya ce, "Ku guje wa ruwa." Ya sake faɗa a hankali. Sannan ya dube ni. "Buba, gaskiya yake faɗa? Akwai ƙasar da ake gudun ruwa?"

Na ce, "Akwai, Alhaji. In damina ta yi tsakiya, mu ma tudu muke hawa da shanu don kada kofatonsu ya lalace."

Tsohon nan ya zauna daɓas a ƙasa ya yi dariya har rawaninsa ya zame, har ya share hawaye. Ya ce shi da ya tsufa yana roƙon Allah gajimare ɗaya, ashe akwai bayin Allah da suke gina wa shuka soro don kada ta jiƙe. Amma dariya ba ta tayar da tumatir. Da ya natsu ya ce, "Sidi yana da gaskiya. Bana lambun nan ba zai ciyar da baƙi biyu ba, kuma biyu sun fi ɗaya jawo ido. Ɗaya zai zauna." Yana faɗa yana kallona, don kowa ya san mai awaki ne mai amfani.

Na ce, "Kawu zai zauna, Alhaji. Ni ina da ƙirji."

Kawu ya ce, "A'a. Ni ne na ɓata, ni ne zan tafi."

Na san in na roƙe shi ba zai ji ba, sai na bi ta inda ba shi da mafita. Na ce, "Kawu, kakanninka sun cinye mana shanu. Yanzu ga awaki zan ba ka ajiya a gaban shaidu, mu gani ko an shiryu." Sai ya juya mini baya.

Alhaji ya daɗe yana kallon tuddan nan. Ya ce wa Sidi mutumin da ya tara wannan tulin ƙasa da rabin ƙirji, in aka koya masa ya yi ƙasa maimakon sama, zai noma lambu uku. Sidi bai ji daɗi ba, amma bai musa wa mahaifinsa ba.

Na yi 'yan kwanaki ina koya wa Kawu tatsa. Akuya ta harbe shi, ya zage ta da Tibanci, ta sake harbinsa. Shi kuma yana kwatanta mini gidan wan Mama Doshima a bayan kasuwar Agyaragu, ko Allah zai sa can ta koma. Na haddace lambar Alhaji kamar karatun allo. Ranar tafiya Hajiya ta ɗaure mini dabino a ƙulli. Kawu ya raka ni bakin katanga ya riƙe hannuna, ya ce, "Agwai, ka sha ruwa kaɗan kaɗan." Na ce to. Ban waiwaya ba, don na san abin da fuskata take yi.

Ban daɗe a ƙarƙashin gada ba kame ya haɗa da ni. Komai ya faru yadda ake faɗa. An sauke mu a yashi da asuba, an nuna mana kudu. Mun yi ta tafiya rana tana hawa, masu ƙarfi suna tallafar marasa ƙarfi, wasu suna zama su ce za su huta kaɗan. Na raba dabinon Hajiya da wasu 'yan Gine biyu. Na sha wuya, ƙafata ta fashe, amma duk sanda na ji wani yana tari a bayana sai in gode wa Allah da ba shi ba ne. A Asamaka wata ƙungiyar agaji ta karɓe mu, aka yi ta jira, daga tanti zuwa tanti, har aka sa mu a motar gida.

Na ga mahaifiyata, na yi barci, na ci fura. Da ƙafata ta yarda da takalmi na ari wayar ƙanena na hau mota zuwa Agyaragu. Da na shiga unguwar bayan kasuwa ina tambayar Mama Doshima, hira ta riƙa mutuwa a duk inda na wuce. Wasu samari suka biyo ni a baya, ba kusa ba, ba nesa ba. Na same ta a tsakar gidan wanta tana tuyar garin rogo, mace mai jiki, fuska a ɗaure.

Na gaishe ta na ce daga wurin mijinta nake, yana raye, yana Aljeriya.

Ba ta daina juya garin ba. Ta ce, "An riga an gaya mini ya mutu a sahara. Fasto ya yi addu'a. Bayan haka wani ya zo ya ce yana kurkuku a Libiya, in kawo abu a fito da shi. Yanzu kai kuma, Bafulatani. Me kana so?"

Na ce ba na son komai, ga waya, ta bari in kira. Ta ce an taɓa sa mata wata murya a waya, ba za ta sake ba. Samarin nan suka matso bakin ƙofa. Ban san abin da zan yi ba, sai kawai na zauna a kan turmi na fara ba ta labari. Na gaya mata lambun Alhaji, da fangali, da ranar ruwa. Na gaya mata yadda ya lanƙwasa shebur a kan dutse, ya tashi tudun doya a tsakiyar hamada, ya dasa tumatir a kai.

Hannunta ya tsaya. Garin ya fara ƙauri ba ta kula ba.

Ta ce, "Tudu ya kai ina?"

Na nuna ƙuguna.

Ta saki abin tuyar ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da zani, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ta ce, "Shi ne. Babu wanda zai iya ƙirƙira wannan. Ko a kan siminti ka ajiye mutumin nan zai yi tudu." Ta miƙo hannu. "Kira shi, ɗana."

Alhaji ne ya ɗauka. Na ji yana ƙwala kira, na ji kukan awaki, sannan na ji tarin da na sani. Na miƙa mata wayar na fita gindin mangwaro, samarin suka matsa mini a kan benci. Daga ciki muna jin muryarta tana ta zazzaga masa faɗa da Tibanci, ba ta ko numfasawa. Na tambayi na kusa da ni me take cewa.

Ya ce, "Tana tambayarsa wa ya ce ya yi noma da ciwon ƙirji."